Ramin da Na Haƙa wa Giginyar Alhaji

Ban taɓa mantawa da ranar da aka dawo da Alhaji Mu'azu lambu ba, kuma ba na roƙon Allah Ya mantar da ni. Asabar ce da hantsi, an gama yankan gero, ana jiran dawa. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya kuna ganin ina bin ku da ido, ina tambayar wa ya taɓa wannan, wa ya ce a yi wancan, har kuna cewa Gwaggo Dije ta cika tsanani. To ku zauna ku ji inda ni ma hannuna ya ɓata aiki.

Ga waɗanda ba su riski Alhaji ba, tsohon malamin makaranta ne. Da ya ajiye aiki sai ya sayi filin nan na gefen Yankara ya kewaye shi. Wasu suna dasa mangwaro da gwaiba don kasuwa, shi kuwa dogayen itatuwa ne suka shiga ransa: dabino, goruba, kwakwa, giginya. Ba don riba yake yi ba. Yakan tsayar da baƙo a rana ya yi ta nuna mashi yadda ake gane su tun suna ƙanana, cewa ganyen dabino da na kwakwa kamar gashin tsuntsu suke, na goruba da na giginya kuwa kamar tafin hannu a buɗe. Baƙo ya gaji ya nemi tafiya, Alhaji bai lura ba.

Tsarin aikin kuwa, Alhaji ne a sama. A ƙarƙashinsa akwai Sanusi, ɗan ƙanensa, wanda muke kira manaja, shi ke kula da injin ban ruwa da masu zuwa sayen dashe. Sai ni, shugabar mata, mu biyar. Mu ke cika leda da ƙasa, mu raini iri a ƙarƙashin rumfa, mu yi ban ruwa, mu zuba taki. Takin ma da ƙa'idarsa: kashin tumaki da ya kwana biyu ya huce, a gauraya da toka, a zagaye gindi da shi, ba a bari ya taɓa jikin itace. Komai na lambun nan a rumfa yake fara rayuwa. In ya yi ƙwari, damina ta zauna, sai a ɗauke shi a kai inda zai tsaya. Haka muke yi wa dabino, haka muke yi wa kwakwa. Shekara shida ina wannan aiki kafin abin da zan faɗa maku ya faru, ban taɓa ganin an yi wani abu dabam ba.

Alhaji mutumin wani ƙauye ne can bayan Sabuwa, ƙauyen da kowa ya watse daga cikinsa saboda mutanen daji. A bakin gonar mahaifinsa akwai wata giginya mace, kusa da inda aka binne tsohon. Kullum zancenta yake. Ya ma ware gefen gabas na lambun, ya ce nan zai jera ɗiyanta in Allah Ya sa ya samu iri. A farkon daminar shekarar da abin ya faru, wani maƙwabcinsu na dā, Malam Tanko, ya saci jiki ya shiga ƙauyen don ɗauko wasu kayansa, ya dawo da buhu ɗaya na ɗiyan giginyar. Ya kuma zo da labari: ya iske masu yankan azara sun riga sun sa mata gatari. Abin da ke cikin buhun nan shi ke nan, babu wani bayansa.

Muka fasa, muka fidda ƙwallo ashirin da bakwai. Alhaji ya ce a bari sai gobe ya zo da igiya ya auna wuri. Goben ba ta zo mashi a tsaye ba. Da asuba ya faɗi a ƙofar masallaci, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, aka wuce da shi asibiti, daga can sai gidan ɗiyarsa a Kaduna. Abin da ya iya faɗa wa Sanusi ana sa shi a mota, da harshe mai nauyi, shi ne: "A binne su. Kada su bushe. Dije ta sani."

Dije ta sani. Ni ma haka na ɗauka. Ni ɗiyar masu muruci ce. A garinmu, can ƙasar Sabuwa, tun ban kai ɗaukar tulu ba nake bin uwata muna binne ƙwallon giginya. Ana neman jigawa, a haƙa rami mai faɗi, a jera ƙwallon kusa da kusa kamar ƙwai a akurki, a rufe. Kowane ƙwallo sai ya tura tsiro ya nutsa ƙasa, ya yi kauri a can. In sanyi ya shigo a tone, a dafa, shi ne murucin da kuke saye a tire. Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne, a garinmu ba wanda ya taɓa shuka giginya don ta zama itace. Wadda ke tsaye Allah ne Ya tsayar da ita. Mu don ci muke binnewa.

Na yi tunanina na ga ya yi daidai. In na watsa su ɗai-ɗai a gefen gabas, gafiya za ta tone, ko masu wucewa su gane su haƙe. Gara in tara su inda idona yake. Sai na haƙa rami mai tsawon taku biyu a gaban rumfarmu, inda ƙasar take da yashi, na jera su duka, na rufe, na kewaye da ƙaya. Na ce in sun tsira sai a dasa, kamar kowane iri. Lantana, wadda ta fi kowa baki a cikin matan, ta ce, "Gwaggo, wannan gadi haka, ko ke za ki auri giginyar?" Na ce ta ja bakinta ta ɗauki bokiti.

Da damina ta raba tsakiya, ƙasa ta sha ruwa, na ce lokacin dashe ya yi. Na ɗauki dagi na buɗe gefe ɗaya na ramin. Sun tsira kuwa, kowane ya tura tsiro fari sol ya yi ƙasa, wani ya fi kamu ɗaya. Na ciro tara. Wajen cirowa ɗan siririn bakin da ke can ƙasa yakan tsinke, ban damu ba, don duk murucin da na taɓa haƙa a duniya haka yake tsinkewa. Na kai su gefen gabas na dasa da hannuna, na ba su ruwa, na bar sauran sai na ga yadda waɗannan za su yi.

Bayan sati uku na je na sa yatsa a gindin na farko. Tun kafin in gani hancina ya gaya mani. Ya ruɓe, ya zama kamar dafaffen rogo da ya kwana uku. Na tona na biyu, na uku, har na tara. Na zauna a ƙasa a wurin, ni da ba na zama a bakin aiki.

Malam Tanko na aika aka kira, don ya girme ni kuma ya tashi cikin giginya. Ya duba ya girgiza kai. Ya ce, "Dije, ai ba a tada giginya. Inda ta sa ƙafa nan za ta mutu, ko bayan kwana arba'in ko bayan shekara ɗari. Halan ba ki sani ba?"

Na ce, "Ban sani ba, Malam."

Ya ce, "To waɗancan na ramin fa?"

Muka je muka tsaya a kansu. Sha takwas, a cunkushe, taku uku daga rumfar da muke wuni a ciki. Kowa ya san ba a barin giginya kusa da inda mutane ke zama, don ɗanta ɗaya in ya faɗo daga sama ya isa ya fasa kan mutum. Ba su dasuwa, kuma ba su zaunuwa a inda suke. Abin da na yi wa irin mahaifin Alhaji ke nan.

Sanusi yaro ne mai kirki, kada wani ya ji labarin nan ya zarge shi. Da ya ga yadda na koma, ya same ni bayan an tashi aiki ya ce, "Gwaggo, ki kwantar da hankalinki. Ran kasuwar Yankara zan sayo ɗiyan giginya, mu binne a gefen gabas ɗai-ɗai, mu kafa turaku. Wa ke gane uwar giginya daga ganye? Kafin su yi ɗiya shekara nawa? Baba ba zai gani ba, ke ma ba za ki gani ba."

Na ce, "Ƙarya ke nan, Sanusi."

Ya ce, "Likita ya ce kada a gaya mashi abin da zai tada mashi hankali. In kika faɗa mashi ya sake faɗuwa, wa ya kashe shi? Ni dai ba da bakina ba."

Wannan maganar ita ta kama ni. Ko kuma in faɗi gaskiya, ita na samu na laɓe a bayanta. Ban ce to ba, ban ce a'a ba. Ran kasuwa ya sayo, washegari muka binne. Shi yana haƙa, ni ina riƙe turaku. Guda ashirin da bakwai muka kafa, a jere, da igiya, yadda Alhaji yake so. Matan suna kallo. Lantana ma ba ta yi wasa ba ranar, kuma shirunta ya fi mani zagi ciwo. Ni ce mai cewa in kin fasa leda ki faɗa, in kin manta ban ruwa ki faɗa. Daga ranar na kasa ɗaga murya a kan kowa.

Haka muka zauna wata ɗaya da 'yan kwanaki, har Asabar ɗin da na fara gaya maku.

Aka fito da shi daga mota, Sanusi na riƙe da shi ta dama, sanda a hannun hagu. Ya rame, bakinsa ya ɗan karkace, amma idon nan nasa yana nan. Muka durƙusa muka gaishe shi. Bai nemi dabino ba, bai nemi kwakwa ba. Ya ce, "Ku kai ni gabas."

Tafiyar da ba ta fi ta minti biyu ba ta ɗauke mu kusan goma. Da ya hango turakun sai ya tsaya. Ya ƙirga su da sanda, a hankali, har ƙarshe. Sanusi ya ce, "Suna ƙasa, Baba. Ganye sai baɗi in Allah Ya kai mu."

Alhaji ya jingina sandar a jikinsa, ya ɗaga hannun da ke ɗaguwa. Ya yi wa mahaifinsa addu'a, ya kira sunansa. Ya ce Allah Ya sa duk wanda ya ci ɗan itacen nan ladar ta isa kabarin da ba ya iya zuwa ziyara. Sannan ya ce zai kira mutanen ƙauyensu da ke zaune a Yankara, ya nuna wa kowane gida turke ɗaya ya ce wannan naku ne, in jikokinku sun tambayi inda kuka fito ku kawo su nan. Hawaye na bin gefen fuskar da ba ya ji.

Kowa ya shafa. Ni hannuna ya ƙi tashi. A zuci na hango dattawan nan da aka kora daga gidajensu an jera su gaban ƙwallon kasuwa ana ce masu ga garinku. Na ce a raina, Dije, in kika bari aka shafa wannan fatiha a kan ƙarya, da wane baki za ki yi sallar azahar?

Na ce, "Alhaji, ina da magana."

Sanusi ya ce, "Gwaggo, Baba ya gaji, a bari..."

Na ce, "Ba ta baruwa. Alhaji, waɗannan ba naka ba ne. Na kasuwa ne. Naka na tara su rami ɗaya irin na muruci, na tashi tara na dasa, suka mutu a hannuna. Sha takwas suna can gaban rumfa. Turakun nan don a rufa mani asiri aka kafa su, kuma ni na riƙe su aka kafa."

Ina kallon ƙafafunsa, ina jira in ga ko za su saki. Da sun saki, da har yau ina ɗauke da shi a wuyana. Ba su saki ba. Ya ce wa Sanusi, "Kai ni rumfa."

Ya tsaya a kan ramin ya daɗe. Ya sa Sanusi ya auna daga ƙayar zuwa ginshiƙin rumfa. Taku uku. Sai ya juyo gare ni, maganarsa tana fita ɗaya bayan ɗaya.

"Taran nan, ni na kashe su tare da ke. Na ce Dije ta sani, ban tambayi abin da Dije ta sani ba." Ya numfasa. "Amma turakun, Dije. Ke?"

Na ce, "Ni, Alhaji."

"Da na mutu a Kaduna fa?"

Shekarata ta wuce sittin a lokacin, amma na tsaya gabansa kamar yarinyar da aka kama da hannu a tukunya. Bai ƙara ko kalma a kan wannan ba, kuma bai sake kallona ba ranar.

Sanusi ya ce ko a tone na kasuwar a zubar. Alhaji ya ce, "A bar su. Su ma giginya ne, ba su suka yi ƙarya ba. Amma duk wanda ya tambaya a ce mashi na kasuwa ne." Sanusi ya ce to na ramin fa, ga su a bakin rumfa. Alhaji ya ɗaga sanda ya bugi ginshiƙin. Ya ce, "Wannan tana tashi. Waccan ba ta tashi. A ɗauke rumfa."

A satin aka kwance rumfar da muka shekara shida a ƙarƙashinta, aka maida ita inda kuke zaune yanzu, aka kwashe leda sama da abin da zan iya ƙirgawa. Kwana huɗu muna jida. Ba wadda ta yi ƙorafi a gabana, ban kuma tambayi abin da suke faɗa a bayana ba.

Saura cunkoson. Sha takwas ba za su rayu a rami ɗaya ba. Alhaji ya yi shawara da Malam Tanko, suka tsaida cewa a bar huɗu na kusurwoyi, waɗanda suka fi nisa da juna, a cire na tsakiya. Huɗu, don ba a gane namiji da mace sai itace ya girma ya yi fure, kuma namiji ba ya ɗiya. Aka ce a jira sanyi, lokacin da murucin ya ƙosa. Da lokacin ya yi, Alhaji ya aiko Sanusi ya ce mani, "Baba ya ce ke za ki cire. Ya ce a wannan kam kin sani."

Kwana uku na yi a bakin ramin. Ban sa dagi ba. Da guntun ƙarfe da yatsuna na bi kowane ɗaya, ina kakkaɓe yashi, ina kaucewa na kusurwa kamar mai cire ƙaya kusa da ido. Na fidda sha huɗu, manya, masu kauri, irin waɗanda uwata za ta yi alfahari da su. Na maida ƙasa na danne. Na kai su gaban Alhaji a faranti na ce ga su, me za a yi da su.

Ya ce, "Me ake yi da muruci?"

Na dafa su a nan lambun. Ya aika aka kira mutanen ƙauyensu, waɗanda ke zaune a ɗakunan haya da gidajen dangi a Yankara, suka zo su wajen ashirin, yawanci tsofaffi. Aka shimfiɗa tabarmi bayan la'asar. Alhaji ya gaya masu ko ɗiyan wace giginya ce, ya nuna masu ramin, bai ambaci sunana ba. Aka yanka ƙanana don ya isa kowa. Wata tsohuwa ta riƙe nata a hannu ta ƙi ci, aka ce Iya ki ci mana, ta ce a'a, za ta kai wa mijinta da ke kwance, shi ya fi ta sanin itacen. Alhaji ya daɗe yana tauna nasa da gefe ɗaya. Da ya haɗiye ya dube ni, karo na farko tun ranar Asabar ɗin nan, ya ce, "Ya yi, Dije." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ni kuma ban nemi ƙari ba.

Da damina ta dawo, uku suka huda ƙasa, kowane da ganye ɗaya tak kamar takobi. Na huɗun bai fito ba. Alhaji ya gan su. Ya ƙara shekara biyu Allah Ya karɓi abinsa. Su ne ukun da kuke wucewa kullum a cikin ƙaya, waɗanda har yanzu ba su yi jiki ba sai ganye. Ko akwai mace a cikinsu, ni ba zan sani ba. Wataƙila wata a cikinku ta sani.

Abin da na ɗauka daga wannan, na farko, hannun da ya saba ya fi hannun da bai iya ba haɗari. Sabuwar ma'aikaciya tana tambaya. Tsohuwa irina ba ta tambaya, sai ta yi abin da uwarta ta yi, ko da ba shi aka sa ta ba. Shi ya sa in aka kawo iri lambun nan nake tsayar da kowa in ce wa ya taɓa shuka wannan, don me ya shuka shi, ya ga ƙarshensa ko bai gani ba.

Na biyu kuwa ya fi nauyi. Aikinmu aiki ne da ƙarya ke daɗewa a cikinsa ba a gane ta ba. Tela in ya yi ha'inci ran sallah za a gani. Magini, damina ɗaya ta tona shi. Mu kuwa muna iya binne abin da muka ga dama mu kafa turke, mai lambu ya mutu, mu ma mu mutu, sai wanda ba a haifa ba tukuna ya zo ya iske. Ba mai duba mu sai Wanda ke ganin ƙarƙashin ƙasa. Don haka in kin ɓata, ki zo ki same ni tun ramin yana buɗe. Zan yi faɗa, kun san ni. Amma ba zan taɓa riƙe maki turke ba.